Daren da na ɗauki ogan a Filadelfiya

Kwana goma sha ɗaya na yi a Bronx da ke birnin New York, gidan ƙanena, ban san komai na Amurka ba sai masallacin unguwa da shagon 'yan Ghana mai sayar da kuka da daddawa. Ranar Asabar ɗansa na fari, wanda aka haifa a can, ya leƙo da Hausarsa mai ɗingishi ya ce, "Baffa, shirya, yau za ka ga gari." Wai abokinsa ne tun na makaranta, makaɗin jita, ya fitar da sabon faifan jaz, a daren za a ƙaddamar da shi a Filadelfiya. Na fara kawo uzuri, uban ya ce, "Haba Yaya, tun daga Kano ka zo don ka yi gadin taga?"

Motar ta ɓata mana kusan awa guda kafin ta tashi, ba wanda ya ce mana ko sannu. Muka nutse ta ramin Lincoln, ƙarƙashin kogin Hudson, muka ɓullo a New Jersey. Tafiyar kamar Kano zuwa Zariya ce, kilomita 150 ko kusa, sai dai maimakon gonakin dawa, tankunan mai ne da kwantenoni jibge kamar dutsen Dala. Yaron ya cusa mini abin sauraro a kunne ya kunna faifan. Gaskiya bai kama ni ba. Na ji shi kamar kiɗan da ake sa wa mutum idan yana jiran a ɗaga waya. Abu ɗaya ne ya tsaya mini: ina jin wani amo mai kauri yana tafiya a ƙasa, dum, dum, dum, amma sunaye uku kawai na gani a hoton, mai jita, mai ogan (kayan kiɗan nan mai madannai irin na coci), mai ganga. Na ce ina na huɗun? Ya yi dariya ya ce in bari mu isa.

Da la'asar sakaliya muka haye gadar Benjamin Franklin a kan kogin Delaware. Garin na da Musulmi baƙaƙen fata da yawa, wanda ya sayar mana da burodi da yankakken nama da cuku, abincin da garin ya yi suna da shi, gemunsa jawur da lalle, shi ya fara yi mana sallama, shi ya kuma nuna mana inda muka yi Magariba.

Wurin kiɗan ɗan siriri ne, ana sauka matakala, ba zai ci mutum sittin ba. Na ɗan ji nauyin shiga don ana sayar da giya, na nemi lemo na koma lungu. A gaba ga wani tsohon akwatin katako mai ƙafa huɗu, duk ya goge a gefe, kusa da shi wani kamar kabad ɗin amarya. Wannan shi ne Hammond B-3, kabad ɗin kuma lasifikarsa ce, Leslie. Mai ogan, dattijo ne da a shekaru ya yi jika da mai jitar, ya zauna ya tuɓe takalmi ya ajiye gefe, ya ɗora ƙafa da safa a kan wasu dogayen itatuwa 25 da ke ƙasa. Da suka fara sai na ga na huɗun nan da nake cigiya. Hannunsa na hagu ne ke tafiyar da amon mai kauri, ƙafa na dafa masa, hannun dama na wani zance dabam a jerin madannai na sama. Mutum ɗaya, aikin mutum uku.

Wata tsohuwa da muka haɗa tebur ta ga bakina a buɗe, ta ɗauke ni karatu, ɗan ƙanena na fassara inda Turancinta ya yi mini sauri. Laurens Hammond ya fito da ogan ɗinsa a 1935 don coci-cocin da ba su da kuɗin babban ogan mai bututu. Ba iska a cikinsa, wasu ƙananan ƙafafun ƙarfe 91 ne ke juyawa a gaban maganaɗisu. Coci-cocin baƙar fata suka rungume shi, daga nan ya gangara gidajen rawa, inda masu wuri suka gane cewa mutum uku da ogan na cika ɗaki kamar mutum goma, kuɗin sallama kuwa na mutum uku ne. Jimmy Smith, ɗan Norristown da ke nan kusa, shi ya mai da shi kayan jaz na sosai tun daga faya-fayansa na 1956. Ta lissafo Jimmy McGriff, da Shirley Scott, da Joey DeFrancesco da ya rasu a 2022, duk 'yan yankin, tana faɗa kamar mai kirarin gidansu.

Shi kuwa ango, mai faifai, a kiɗan farko ya ba ni haushi. Yatsu kamar na mai ƙirga kuɗi a Wapa, gudu yake ba waƙafi, yana so mu san ya iya. Ya iya ɗin, ba musu. Dattijon bai ko dube shi ba. Da aka shiga na uku, mai sanyi, sai ya miƙa hannu ya tura wasu 'yan sanduna da ke saman madannan, muryar ogan ta koma can ƙasa kamar gunjin tattabara. Mai jitar ya ajiye ɗan robar kaɗawa a kan lasifika, ya koma kaɗawa da babban yatsa, yadda makaɗin jita Wes Montgomery ya shahara da yi. Ya jefa magana gajera, ya yi shiru. Ogan ya amsa. Ya sake, ya jira. A wannan jiran na fara jin yaron. Can dattijon ya taɓa wani maɓalli da hannun hagu, ƙahon da ke cikin kabad ya fara juyawa da sauri, sautin ya riƙa zagaya ɗakin yana bugun ƙirji, lemon da ke kofina na rawa. Tsohuwar ta ɗaga hannu sama kamar a cocinsu. Wannan iskar ce wayar kunne ta kasa kawo mini a mota.

A hutu mai jitar ya zo ya gaishe ni da hannu biyu, an dai koya masa. Na tambaye shi me ya kai matashi ga kayan da aka daina ƙerawa tun shekarun 1970. Ya ce masu jitar da yake ji da su a gefen ogan suka yi ƙuruciya, George Benson a wurin Jack McDuff, haka ma Pat Martino ɗan garin nan, wanda tiyatar ƙwaƙwalwa ta shafe masa tunani a 1980 har ya sake koyon jita daga faya-fayan kansa. Ya ce a kwana biyu suka naɗi nasu, su uku a ɗaki ɗaya, kuma dattijon ya sa an zubar da kiɗan da shi mai jitar ya fi alfahari da shi.

Ƙarfe ɗaya saura aka tashi, sai ga wata sabuwa: ogan na dattijon ne, a mota ya zo da shi, kuma mutum ɗaya cikin masu ɗauka ya sulale. Abin da kujerarsa da itatuwan takawarsa ya kusa kilo 190. Ɗan ƙanena ya dube ni. Na naɗe hannun riga, muka kama mu huɗu, matakala goma sha biyu, dattijon na sama yana ba da umarni da takalmi a hannu. A ta bakwai bayana ya yi ƙara.

Motar ƙarshe ta tafi ta bar mu, sai ta asuba. Mai jitar ya ba ni faifan kyauta, babba baƙi irin na garmahon mahaifinmu, ya sa hannu a bango. Bai shiga jakata ba, a cinya na riƙe shi har New York, kuma har yau ina cigiyar mai garmaho a Kano.