Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ranar da Malam ya ce in kife ƙashin

Jama'a, barkanmu da sake saduwa. A makon jiya mun tsaya a inda aka danƙa mini makullin ɗakin ajiyar ƙasusuwa, aka ce kafin ƙarshen zango in kawo rahoto a kan dabbobi masu sulke.

Da na buɗe akwatin farko na zaci ƙoƙon kai da haƙora zan gani. Sai na tarar da 'yan fale-falen ƙashi, kowanne bai cika tafin hannu ba, bayansu duk ramuka kamar saƙar zuma. Yawancinsu ma kwafi ne da aka zuba daga na asali. Irin ƙashin nan ne da ke tsirowa a cikin fata, wanda kada ke ɗauke da shi a gadon baya har yau. Masu waɗannan kuwa dabbobi ne masu ƙafa huɗu da suka rayu a zamanin Famiyan da Tirayasik, sama da shekara miliyan 200 da suka wuce. Sulken ya fi sauran jiki jure zama a ƙasa, shi ya sa wasunsu da shi kaɗai aka san su.

Aikin a ganina mai sauƙi ne. Na zana jadawali, mai sulke na ba shi 1, marar sulke 0, na zuba wa kwamfuta ta fitar mini da bishiyar dangantaka. Ta kuwa haɗa Cacops na Teksas a Amurka, wanda masani Williston ya bayyana a 1910, da Chroniosuchus na Rasha a reshe guda. Daren nan har na fara tunanin inda za a buga sunana.

Washegari Malam ya duba takardar, ya daɗe bai ce uffan ba. Can ya ɗauko ƙashi ɗaya ya ajiye a gabana.

"Me kika gani?"

"Sulke, Malam."

"Kife shi."

Na kife. A cikinsa akwai wani ɗan tsini da ya sauko ƙasa, a gefen gaba da na baya kuma wasu leɓuna da kwarmi.

"Kada ma yana da sulke," in ji shi. "Ko shi ma za ki sa shi a gidan? Kama da wane ba ta wane."

Kunya ta rufe ni, amma a ranar na fara koyon aikin. Tsinin nan shi ke zama a kan ƙashin baya. A dangin Chroniosuchus layi ɗaya ne, kowace gaɓar ƙashin baya da faifanta guda, kuma kowane faifai yana shiga cikin na kusa da shi ya kulle, ta yadda bayan dabbar ke lanƙwasawa ba tare da sulken ya rabu ba. Su Cacops da Dissorophus kuwa hawa biyu suke da shi, na ciki a kan ƙashin baya, na waje ya hau kansa. Gini daban, asali daban. Su Cacops suna cikin zuriyar da masana da yawa ke ganin daga cikinta kwaɗi suka fito, su Chroniosuchus kuma galibi ana matsar da su kusa da kakannin dabbobi masu rarrafe, ko da yake ana ta ja-in-ja a kan mazauninsu. Kowane ɓangare shi ya ƙirƙiro sulkensa, ni kuma na ɗaura musu zumuncin dole.

Na yaga jadawalin na sake sabo. Maimakon tambaya ɗaya, sai ga tambayoyi birjik: faɗin faifan, siffar leɓen gaba, yadda tsinin ke kama ƙashin baya, irin adon da ke samansa. Nan ne gidan su Chroniosuchus ya rabu biyu a idona. Masu faffaɗan sulke suka bi Chroniosuchus, masu siriri suka bi Bystrowiana, har da Bystrowiella da aka tono a Jamus aka bayyana a 2008.

Wanda ya fi shiga raina shi ne Madygenerpeton na Kirgistan, da aka sa wa suna a 2010. Faifansa faffaɗa ne, samansa duk ƙuraje kamar mai ƙyanda, har sunansa na biyu, pustulatus, daga ƙurajen ya samo asali. Na kwana uku ina juya hotunansa, ina auna leɓe da kwarmi, ina goge 1 ina mayar da 0.

Ranar Alhamis na kai wa Malam sabuwar bishiyar. Ya gyaɗa kai sau ɗaya, wanda a wurinsa babban yabo ne. Sai ya jawo aljihun tebur ya fito da wani guntun ƙashi na asali, ba kwafi ba.

"Saura cikinsa. Za mu yanko shi siriri har haske ya ratsa, mu sa a madubin likita. Ke za ki riƙe zarton."

Hannuna ya fara rawa tun kafin in karɓa.

Mu haɗu mako mai zuwa.