Yadda fankishin ke samar da jerin da za a tace bayanai da shi

Jihar Kaduna tana da ƙananan hukumomi 23, kuma duk mai kula da rumbun bayanan makarantu a nan ya san cewa sau da yawa rahoton wasu kaɗan ake nema, misali Zariya da Sabon Gari da Giwa. An saba rubuta sunayen da hannu cikin sharaɗin IN (mai zaɓo layukan da suka dace da abin da ke cikin jeri) na umarnin SQL, wato harshen da ake neman bayanai da shi daga rumbu, amma idan umarni da dama sun dogara da jeri guda, ranar da aka ƙara Kudan sai an bi su ɗaya bayan ɗaya ana gyarawa.

A ganina ya fi dacewa a ajiye jerin a tebur, sannan a rubuta fankishin, wato guntun umarni da ake kira da sunansa, wanda zai karɓi sunan shiyya ya mayar da lambobin ƙananan hukumominta, kowane umarni ya riƙa kiransa. PostgreSQL, wanda tsarin sarrafa rumbun bayanai ne, yana ba da damar haka ta hanyar RETURNS TABLE, shi kuwa takwaransa SQL Server tun fitowar 2016 yana da STRING_SPLIT mai rarraba rubutun da aka jera da waƙafi zuwa layuka.

Sai dai akwai inda ake tuntuɓe. Idan ba a faɗa masa ba, PostgreSQL yana ɗauka cewa irin wannan fankishin zai mayar da layi 1000, abin da kan sa ya zaɓi hanyar bincike marar sauri alhali layi huɗu ne kacal; kalmar ROWS ce ke gyara wannan ƙiyasi. Haka kuma idan NULL (wato gurbin da babu komai a cikinsa) ya shiga jerin da aka haɗa da NOT IN, kishiyar IN, ko layi ɗaya ba zai fito ba.