Na gwada fentin gwaiduwar ƙwai irin na Italiyawan dā

Na daɗe ina zane da fentin kanti. Abin da ya ja hankalina zuwa gwaiduwar ƙwai shi ne allunan da masu zanen biranen Fulorans da Siyena na Italiya suka bari tun ƙarni na 14 da na 15, waɗanda har yau launin da yawansu yake nan fes. Sai na ɗauri aniyar bin hanyar da Cennino Cennini, wani mai zane na Italiya, ya rubuta wajen shekarar 1400, tiryan-tiryan.

Ashe kafin a taɓa burushi an riga an yi fiye da rabin aikin. Su da itacen fofla suke yin allo, ni kuwa busasshen katako na samo wurin kafinta. Gam kuma guntayen fata na karɓo a hannun majema, na dafa su har ruwan ya yi yauƙi, na tace, na liƙa tsohon yadi a fuskar katakon. Sai farar shimfiɗa. Cennini ya ce a jiƙa garin filasta wata guda, ana motsawa kullum ana canja ruwa, har ƙarfin daskarewarsa ya mutu. Garin da ake yin silin da shi na saya, kuma ya yi. Ana kwaɓa shi da gam mai ɗumi a shafa sau takwas, wannan a tsaye, na gaba a kwance, sannan a kankare da ƙarfe har ya yi santsi kamar hauren giwa. A nan na gane abin da ya sa a zamaninsu yaron shagon mai zane yake shafe shekara shida yana niƙa launi da gyaran allo kafin a sakar masa zane.

Launi na niƙa da ruwa a kan dutse mai sulɓi: jar ƙasa, ƙasa mai rawaya, da gawayi. Shuɗi ne ya gagara. Nasu daga dutsen lazuward na Badakshan a Afganistan ake fitar da shi, tsadarsa tana gogayya da zinariya, shi ya sa ake yawan keɓe shi ga mayafin Nana Maryam a zane. Ni da garin bular wanki na rufa wa kaina asiri, domin yawancinta kwaikwayon wannan shuɗin ne da aka ƙirƙiro a Faransa cikin shekarun 1820.

Ƙwan yana son hannu mai sanyi. Ka fasa, ka zubar da farin, ka riƙa mirgina gwaiduwar daga tafi zuwa tafi har fatarta ta tsane, ka tsunkule ta da yatsa biyu, ka huda da allura, ruwan ya zubo cikin kofi, yanar ta rage maka a hannu. Da wannan ruwan ake kwaɓa launin da aka niƙa, ya zama fenti. Cennini ya ce ƙwan kajin birni ya fi haske, shi ya dace da fuskar yara, na kajin ƙauye kuma ga fuskar tsofaffi. Na gwada ƙwan gidan gona da na kajin gida, kuma gwaiduwar ta gida ta fi ja nesa ba kusa ba.

Fentin nan ba ya jira, balle da hunturu. Kafin ka ɗaga burushi ya bushe, don haka ba maganar murza launi cikin launi. Dole ka gina inuwa da ƙananan layuka, siriri bisa siriri, ɗaruruwansu. Fuska kuwa da kore ake fara ta, sannan a bi da ja-ja mai haske, koren ya riƙa leƙowa ta ƙasa yana ba da inuwa. Shi ya sa wasu tsofaffin allunan Siyena fuskokinsu suka koma kore, na saman ne ya goge. Yanzu ban ga laifin Italiyawa ba da suka karkata ga fentin mai a ƙarshen ƙarni na 15, bayan sun ga abin da irin su Jan van Eyck suka yi da shi a Fulandas, yankin Beljiyam ta yau. Duk da haka ni ƙwan ya fi kwanta mini, don haskensa ba ya rinewa yadda na mai yake yi idan ya tsufa.

Wanda zai gwada, ya kwaɓa na yini ɗaya kawai, domin idan ya kwana ɗoyi yake yi. Ya kuma rufe allon da dare, saboda kyankyasai da ƙudaje suna cin fentin, kuma sai ya yi watanni kafin ya gama ƙanƙamewa.