Wata na takwas da Faransanci: abin da Maraɗi ta koya wa kunnena

'Yan'uwa masu koyo, assalamu alaikum. Yau watana takwas da fara Faransanci, kuma wannan watan kusan duk a kan lafazi na ƙarar da shi.

Tun farko harafin r ne ya tsaya mini a rai. Kullum bayan sallar asuba nakan saurari Journal en français facile na RFI, labarai ne na minti 10, in tsayar in maimaita. Mutanen Faris daga maƙogwaro suke fitar da r, kusa da mafitar gaini ta Larabci. Duk wanda ya yi makarantar allo yana da ita a bakinsa. Da na gane haka, mako biyu ya ishe ni.

Sai bikin ɗan kawuna ya kai ni Maraɗi. Can na gaisa da wani dattijo abokin kawu, mushe ne (haka ake kiran malamin boko a Nijar) da ya daɗe yana koyarwa a lakwal, wato makarantar boko. Shi da kan harshe yake kaɗa r, irin wadda muke yi a "arba'in", kuma Faransancinsa tas, ba gargada. Ya saurare ni da kyau, ya ce wannan na rediyo ne. Samarin gidan kuwa na lura wasu sun ɗauka iyayi nake yi. Sautin da na sha wahala a kansa don in burge, a kunnensu nesanta ni ya yi da su. Abin ya taɓa ni.

Amma ga inda mushe ya tsaya, kuma nan nake so ku tsaya tare da ni. Bai gyara mini r ko sau ɗaya ba. Abin da ya kama shi ne u da ou: rue titi ne, roue taya ce, dessus a sama, dessous a ƙasa. Ya ce in shirya harshe kamar zan ce "i", sannan in tsuke leɓɓa kamar zan hura wuta. Sai kuma tsohuwar matsalarmu ta p da f. Pain burodi, faim yunwa. Mun fi rabin awa a kan waɗannan biyun, yana riƙe da takarda a gaban bakina don in ga lokacin da leɓɓana suka haɗu suka buɗe. Ya yi gaskiya. Ko wace r ka yi za a gane ka, amma waɗannan ma'ana suke juyawa.

Da na dawo na shiga sauraron wasu wurare. A Marsai ta kudancin Faransa suna furta e ta ƙarshen kalma, magana na tafe kamar waƙa. A Kebek ta Kanada tu takan fito kamar "tsu", kwana uku ban kama komai ba. A Beljiyam 70 septante ne, 90 nonante, abin da ya fi mini ƙirgar mutanen Faris sauƙi nesa ba kusa ba.

Su ma Faransawan ba su tsira ba. Da aka naɗa Jean Castex firaminista a 2020, an yi ta yi masa ba'a saboda karin harshensa na kudu maso yamma. A Nuwamban shekarar majalisar wakilan ƙasar ta amince da ƙudurin hana wariya saboda karin harshe. Nan take na tuna yadda ake kwaikwayon Basakkwace a Kano, ana dariya, alhali Hausarsa ba ta da wata tawaya.

Watan gobe wasulan hanci zan sa a gaba: vin, vent, vont, har yanzu kunnena bai raba na biyu da na uku ba. Zan naɗi muryata kowace Juma'a in tura wa mushe ta waya, ya yarda zai riƙa saurare. Wanda ya riga ya haye wannan matakin, don Allah ya gaya mini dabarar da ya bi.