Muryoyin yaran Charlie Brown

Jiya na kalli katun ɗin Kirsimeti na Charlie Brown, wanda tashar talabijin ta CBS ta fara nunawa a Amurka a 1965. Muryoyin ne suka tsaya min a rai. Ashe yara na gaske suka yi su, wasu ko karatu ba su iya ba, sai darakta Bill Melendez ya riƙa faɗa musu guntu-guntu suna maimaitawa. Shi ya sa maganar ke tsinkewa da daɗi haka.

Charles Schulz kuwa, mai zanen da ya ƙirƙiro Charlie Brown, ya ƙi a sa dariyar 'yan kallo da aka naɗa a na'ura, ya kafe sai Linus, abokin Charlie Brown a katun ɗin, ya karanto ayoyin Linjilar Luka. Wallahi taurin kansa ya burge ni. Manyan CBS sun zata katun ɗin zai faɗi, sai ga shi ya ci Emmy, lambar yabo ta shirye-shiryen talabijin.