Akori-kurata ta bar fetur: inda aka kwana kan birki da hanyar mai

'Yan'uwa masu koyon wannan aiki, injin gas, wato dizal, da nake sa wa akori-kurata a madadin na fetur ya zauna. Cummins 4BT ne, mai silinda huɗu, lita 3.9, kuma yanzu yana kan ƙafafun da na yi masa walda a jikin shasi. Masu tambaya ko ba za a iya gyara injin fetur ɗin ya koma shan gas ba, amsar ita ce ba a yi. Injin fetur yana matse iska kamar sau 9 ko 10, sannan fulogi ya ba da wuta. Shi kuwa na gas, matsi ne kaɗai ke kunna masa mai, kuma matsin yakan kai sau 16 zuwa sama da 20. Fistin da kan injin fetur ba su da wannan ƙarfin. Ciro shi ake yi, a sa wani.

Nauyin sabon injin ya haura kilo 300, don haka gaban mota ya duƙa, sai da na sa sifirin masu ƙarfi. Akwai kuma batun giya: wannan injin ba ya son wuce juyi 2,500 a minti, alhali na fetur yana ninka haka. Idan ka bar giyar aksul yadda take, a babban titi za ka ji inji yana ihu mota ba ta gudu. Wannan na ajiye shi sai mota ta fara tafiya.

Abin da ya fi cin hankalina shi ne birki, kuma ina roƙonku kada ku tsallake shi. Abin da ke sa birkin motar fetur ya yi laushi a ƙafa shi ne zuƙar iska da injin ke samarwa a bayan murfin totur. Injin gas ba shi da wannan murfin, saboda haka babu zuƙar. Za ka tada mota lafiya lau, ka taka birki ka ji shi kamar dutse. Mafita biyu ce: ko dai a ɗaura famfon zuƙar iska da injin zai juya, ko a koma tsarin da ke aron ƙarfi daga famfon man sitiyari. Na biyun na zaɓa, don motar kaya ce, kuma ƙarfinsa ya fi.

Yanzu ina kan hanyar mai, kuma tun yanzu nake shirya ta don bayodizal, wato man girkin da aka sarrafa don injin gas, ba sai daga baya ba. Na sauke tanki, na wanke shi tas, na cire famfon fetur da ke ciki. Na ƙara layin da zai mayar da rarar mai tanki, domin injin gas ba ya shanye duk abin da aka turo masa. Kafin babbar filta na sa mai raba ruwa da mai, saboda ɗigon ruwa yana iya lalata famfon nozul, kuma yana cikin abubuwa mafi tsada a jikin injin.

Tiyo kuwa, duk tsohon na roba na zubar. Bayodizal yana jiƙa roba ta gargajiya har ta kumbura ta fara tsatsafo, don haka Viton na sa, wata irin roba da bayodizal ba ya ci. Haka kuma babu tagulla, babu ƙarfe mai rufin zinki a ko'ina a layin, don suna sa man ya lalace ya yi dauɗa. Da B20 zan fara, wato kashi 20 bayodizal, 80 gas. Dalili shi ne bayodizal yana wanke dattin da ya daɗe a cikin layi ya kai shi filta, sai ta toshe. Ku riƙa yawo da filta ta biyu a mota. B100 kuma, wato bayodizal zalla, yana saurin daskarewa in sanyi ya yi tsanani, ƙarfinsa a lita ya ɗan gaza na gas kaɗan.

Wani zai ce ai a bikin baje kolin Faris na 1900 an nuna injin gas yana aiki da man gyaɗa. Gaskiya ne. Amma ɗanyen man girki ya fi gas kauri wajen sau goma, nozul ba ta fesa shi da kyau, sai ya bar baƙin gawayi a kan fistin. Bayodizal shi ne man girkin da aka haɗa da metanol da soda, giliserin ya kwanta a ƙasa aka cire shi. Mai son haɗawa da kansa ya sani metanol guba ne, yana makantarwa, tururinsa ma ba abin shaƙa ba ne.

Saura in fitar da iska daga layi, in haɗa wayar da ke buɗe mai da rufe shi, in sa batir mai ƙarfi. Ranar tada shi na farko zan ajiye faffaɗan katako kusa da bakin shan iska. Idan injin gas ya fara shan baƙin man jikinsa ya ƙwace da gudu, kashe makulli ba ya tsayar da shi, sai an toshe masa iska, kuma ba da hannu ake toshewa ba.