Sana'ar rakiyar baƙi a bakin tekun Hammamat

Duk wanda ya kira ni daga Kano ko Maraɗi ko Yamai yana son kawo iyalinsa hutu Tunisiya, kafin mu taɓa maganar otal sai na ji wane wata zai zo, da su wa zai zo, kuma me yake so idonsa ya gani. Wasu har haushi suke ji. "Malam, kuɗin kawai za ka gaya mini," in ji su. To, ranka ya daɗe, Hammamat ta watan Mayu daban, ta watan Agusta daban, kuma masaukin da zai dace da ango da amarya ba shi zai dace da Alhaji mai tafe da mahaifiyarsa da yara shida ba.

Kamfanin namu ƙarami ne. Ni ne, da direbobi, da wata 'yar'uwa da ke kula da ɓangaren mata. Muna ɗauko baƙo daga filin jirgin saman Tunis, mu biyo babbar hanya tafiyar kamar awa ɗaya, kilomita sittin da 'yan kai, mu sauke shi a garin da ke kudancin Kab Bon, yankin ƙasar da ya kutsa cikin teku, inda Bahar Rum ta yi lanƙwasa ta kwanta lumui. Rairayin nan fari ne mai laushi, ruwan kuma sai ka yi 'yar tafiya cikinsa bai wuce ƙugu ba. Ga mutanenmu da yawancinsu ba su iya iyo ba, wannan kaɗai ya isa dalilin da na fi son Hammamat a kan garuruwan da gaɓarsu ke da duwatsu.

Karatun aikin otal ya kawo ni ƙasar nan daga Damagaram, amma sana'ar a hannun wani dattijo ɗan garin na koye ta, Allah Ya jiƙansa. Baba nake ce masa. Da ya karɓe ni, bai bar ni na buɗe baki gaban baƙo ba sai da na san lungunan tsohon gari kamar na unguwarmu. Kullum da sassafe sai ya tura ni cikin ganuwa, ya ce in shiga ta wannan ƙofa in fito ta waccan, in dawo in gaya masa gida nawa ke da shuɗiyar ƙofa, wane mai shago ne ya riga buɗewa, wace tsohuwa ce ba ta son a ɗauki hoton ƙofarta. Daga nan mu hau saman Kasba, tsohuwar kagarar da ke tsaron gaɓa, ya nuna mini teku ya ce, "Ɗana, karanta mini." Idan iska ta taso daga gabas, ranar ruwa zai yi tsalle, ya kwaso ciyawar teku ya zube a gaɓa, ba ranar kai yara wanka ba ce. Idan kuwa iskar kudu ce mai zafi daga Sahara, wadda suke kira shehili, to a ajiye yawon rana, a jira la'asar. Har yau ba na tsara wa baƙo yininsa sai na leƙa teku da idona bayan sallar asuba.

Abu na biyu da Baba ya kafa mini doka a kai shi ne kada in taɓa jan baƙo zuwa shagon da ake ba ɗan rakiya lada. Nan ne 'yan kwaikwayo suka ɓata mana sana'a. Yaro yana zaune a ɗakinsa, bai san gabas da yamman garin ba, ya kwashi hotuna a intanet, wani lokaci ma nawa, ya lika a Facebook da TikTok ya rubuta "hutu a bakin teku, rabin farashi". Baƙo ya iso ya tarar ɗakinsa na layi na uku, tsakaninsa da ruwa akwai titi da otal-otal biyu, tagarsa na kallon wurin ajiye motoci. Washegari a zuba su a bas, a zagaya da su shagon darduma, shagon turare, shagon fata, a ce an ga gari. Ganin kitse ake yi wa rogo. Irin waɗannan baƙin sukan samo lambata bayan aikin gama ya gama, Hajiya na waya murya na rawa, ni kuma in rasa ta inda zan fara gyara.

Akwai abin da ba su gaya wa mutane: Hammamat biyu ce. Akwai tsohon gari mai ganuwa da masallaci da jiragen masunta a kan rairayi, akwai kuma Yasmin Hammamat da ke kudu da shi, wadda aka gina a ƙarshen shekarun 1990 musamman don 'yan yawon buɗe ido, da manyan otal-otal, da matsayar jiragen ruwan masu hali, da wurin wasan yara na Carthage Land, har da wata sabuwar "tsohuwar kasuwa" da aka ƙera ta yi kama da ta da. Ba na kushe ta. Mai yara ƙanana can nake kai shi, don sun fi sakewa. Amma wanda ya ce mini yana son ya ji ƙamshin gari, ba zan kwantar da shi can in ce masa ya ga Hammamat ba.

Zaɓen otal ga iyalin Bahaushe aiki ne na ƙafa. Sai na shiga da kaina na ga ɗakin, na ji ko kiɗan dare na isowa, na duba nisan mashaya da wurin cin abinci, na tambayi manaja baki da baki ko ana barin mace ta shiga tafkin wanka da suturar da ta rufe jiki, domin akwai otal ɗin da ke hanawa, kuma ba za ka ga an rubuta haka a shafinsu ba. Abinci ma haka. Mutanen nan akwai son yaji, harisarsu ta jan barkono ba ta ba Bahaushe tsoro, kuma kuskus da kifi da wuya a samu wanda ya ƙi shi. Amma dattijo in ya kwana uku bai ga tuwo ba sai fuska ta canza. Saboda haka kuka da daddawa ba sa yankewa a gidana, garin semolina kuwa ga shi ko'ina, a tuƙa masa ya ci ya yi hamdala.

Ɓangaren da na fi alfahari da shi shi ne na zane da biki, don nan ake gane wanda ya san gari. A watan Afrilun 1914 wasu masu zane uku, Paul Klee da August Macke da Louis Moilliet, suka sauka Tunisiya daga Turai, suka biyo ta Hammamat. Klee ya zana garin da hasumiyar masallacinsa da ruwan fenti, gidaje da gonaki sun zama ƙananan murabba'ai na ja da kore da ruwan ƙasa, zanen yana gidan tarihi na Metropolitan a birnin New York yanzu. Macke bai ga ƙarshen shekarar ba, ya mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ina da kwafin zanen na Klee a jakata. Nakan kai baƙo bayan ganuwa da hantsi, in miƙa masa takardar, in ce ya ɗaga kai. Ko wanda ya ce shi zane bai dame shi ba, sai ka ga ya yi shiru yana neman hasumiyar a cikin launukan. Wani ɗan kasuwar Kantin Kwari da na kai wurin ya daɗe yana juya takardar, can ya ce wannan ai da atamfa ce da ta yi kasuwa.

Daga nan sai Dar Sebastiyan, farin gidan da wani attajiri ɗan Romaniya, George Sebastian, ya gina a shekarun 1920 a tsakiyar lambu mai gangarawa teku. Bayan 'yancin kan ƙasar a 1956 gidan ya koma hannun gwamnati ya zama cibiyar al'adu, aka gina dandalin kallo mai matakala a buɗaɗɗen sarari, mai ɗaukar mutum wajen dubu ɗaya. Tun 1964 ake yin bikin ƙasa da ƙasa na Hammamat a nan, cikin Yuli da Agusta: wasan kwaikwayo, kaɗe-kaɗe, raye-raye, 'yan kallo na fuskantar dandali, teku na bayansa. Ba kowane dare ne na kowa ba. Ni ke zama in tace jadawalin, in san wanne zan kai magidanci da iyalinsa, wanne kuma sai matasa. In aka dace da daren sitambeli, kiɗan zuriyar baƙaƙen fatar da aka kawo ta Sahara tun zamanin bauta, ba na bari baƙona ya rasa. Masana sun daɗe da nuna alaƙarsa da bori, kuma Bahaushe in ya ji gurmin nasu da ƙarafan da suke kaɗawa, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Wajen shiga za ka ga yara da faranti suna sayar da ɗaurin furen yasmin, maza na saƙala shi a bayan kunne. Alhazanmu kan yi dariya da farko, kafin a tashi rabinsu sun saƙala.

Nabul na nan kusa, tafiyar minti ashirin zuwa talatin, garin tangaran da ruwan furen lemu, kasuwarta ta fi cika ran Juma'a. Ina kai baƙi wurin maginan da kansu, su ga yumɓu na juyawa a hannu, su ga yadda ake zana kore da rawaya kafin a sa a wuta. Farantin kirki in ka ƙwanƙwasa shi da yatsa ƙararsa a sarari take, zanen hannu kuma ba ya zama iri ɗaya sak a faranti biyu. Na bakin titi mai arha, wanka biyu fentin ya fara tashi. Ciniki kuwa ba na hana kowa, jininmu ne, har 'yan Nabul sun san Hajiyoyin Kano ba a cin su da wasa. Abin da ke ba ni takaici shi ne a juyo da tayin kan kuɗin aikina, a ce wani yaro a waya ya yi alkawarin rabin kuɗina. Nakan ce, "Hajiya, tambaye shi sunan titin da otal ɗin yake." Yawanci daga nan ba a sake tayar da maganar.

Yini ɗaya kuma na Ƙairawan ne, ko an roƙa ko ba a roƙa ba ina sa shi a tsari. Tafiyar awa ɗaya da rabi ce zuwa garin da Uƙba bin Nafi'u ya kafa a shekarar 670, garin Imamu Sahnun, garin Ibn Abi Zaidin da ya rubuta Risalar da muka karanta a zaure gaban malamanmu. Na ga dattijon da bai ko tsoma ƙafa a teku ba duk zamansa, amma da ya yi azahar a babban masallacin nan sai da hawaye ya jiƙa masa gemu. A dawo da makrud, alewar garin mai cike da dabino, a raba wa yara a mota.

Mai son teku da natsuwa ya zo a Mayu ko Yuni ko Satumba. Mai son biki dole ya shigo cunkoson Yuli da Agusta, lokacin da 'yan Aljeriya da 'yan ƙasar mazauna Turai ke cika kowane ɗaki, don haka ya yi mini magana tun kafin zafi ya kama, in kama masa ɗaki mai kallon ruwa tun akwai. Jadawalin bikin ba ya fita da wuri, amma ranar da ya fita ina bakin wurin sayar da tikiti, kuma kujerun tsakiya nake nema, don na gefe iska na kwashe musu sauti.